Ƙafar Tsakiya

Lahadi, da hantsi

Yau ya kamata in juye baƙin mai. Tun wancan makon ma ya kamata, amma wancan makon tsakar gidan nan cike yake da takalman masu gaisuwa, babu inda mutum zai shimfiɗa kwali ya kwanta gindin babur. Yanzu sun ɗauke ƙafa, kujerun aro ma an zo an kwashe. Gidan ya yi mini girma, alhali ɗaki ɗaya ne da falo.

Maman Tsigi tana gidansu. Surukata ce ta ce a bar ta ta je ta huta kwana biyu cikin 'yan'uwanta. Na ce to, me zan ce? Ni da kaina na sauko mata da jaka daga saman sif. Kwana biyun sun wuce tuni, ba ta dawo ba, kuma ba abin da nake jira a duniyar nan sai dawowarta. Na rubuta a nan ne don na gaji da faɗa wa bango.

Galan ɗin mai yana bakin ƙofa, ko ledarsa ban cire ba.

Lahadi, da yamma

Ban juye ba.

Litinin, bayan tashi daga aiki

Na koma gidan burodi. Manaja ya ce ai da na ƙara hutawa, na ce masa hutun ne ke neman kashe ni. Ya dube ni, ya ce a loda mini akwati. Allah ya saka masa da alheri, bai ƙara ko kalma ba.

Masu shaguna ne matsalar. Kowa sai ya riƙe hannuna ya yi mini addu'a, burodi kuwa yana hucewa a baya. Tsohuwar nan mai shago kusa da famfo ta ce, "Allah ya sa mai ceto ce, ɗana," sannan ta cusa mini alawa biyu a aljihu kamar yadda ta saba, na kai wa Tsigi. Sai da ta cusa ta tuna. Muka tsaya muna kallon juna. Na ce, "Ba komai, Inna, ni zan sha." Suna nan a aljihun.

Na canza hanya. Ba na bin layin makarantar yara yanzu, ina zagayawa ta bayan gidan mai. Ya fi nisa, amma ba ruwan kowa.

Injin ya fara wata 'yar ƙara, man ya gaji. Na ji shi sarai, na yi kamar ban ji ba.

Laraba, da rana

Na kira wayarta, surukata ta ɗauka. "Tana kwance, ɗana. Ta ɗan taɓa abinci yau, alhamdu lillahi."

Na buɗe baki in ce a gaishe mini da Maman Tsigi, sai na kasa faɗin sunan. Shekara huɗu da wani abu da shi nake kiranta. Yanzu in na faɗa kamar na taka mata ciwo, in na bari kuma kamar na share yarinyar ne daga gidan. Na ce, "A gaishe ta," na kashe.

Alhamis, da safe

Na dafa shayi a tukunyar da muka saba. Ya yi yawa, na zubar da sauran.

Lahadi, da la'asar

Na juye. Da na sani na bar shi.

Bari in rubuta yadda muke yi, ko don in ga abin a rubuce. Babur ɗin nan ba shi da ƙafar tsakiya, wadda ake ɗora shi a kai ya tsaya cak. Ta karye a wani rami shekarar da muka yi aure. Sai ƙafar gefe ta rage, ita kuwa hagu take karkatar da shi. Idon mai, wato 'yar tagar gilashin da ake leƙa yawan man inji, yana dama ne, can ƙasa. In babur ya karkata hagu man ya gudu can, idon ya nuna maka wayam ko da cikin a cike yake. Dole sai wani ya riƙe shi a tsaye, kai kuma ka tsuguna ka leƙa, ka ga man yana tsakanin layin sama da na ƙasa.

Na sha cewa zan kai a yi mini walda. Ita ce ke hanawa. Takan ce, "Bar shi, Mai Burodi, ni ce ƙafar tsakiyarka." A lokacin Mai Burodi take ce mini, kafin in zama Baban Tsigi.

To haka muka saba. In kwance notin ƙasa tsohon mai ya tsiyaye, in mayar, in zuba sabo da mazurari, in tayar da inji ya ɗan yi zafi, in kashe. Sai in ƙwala mata kira. Ta fito tana goge hannu, ta kama kan babur, ta tura shi da ƙugu ya miƙe. Mai ba ya sauka nan take, sai an jira shi ya kwanta, kuma a wannan jiran ne nake jin labarin duk unguwa: wadda ta haihu, wadda ta yi yaji, mai gidan haya da ya sake rina gashi. In labarin ya ƙare ta ce, "Hannuna fa ya gaji." In ce saura kaɗan. Ta ce, "Wallahi zan sakar maka shi a ka." Ba ta taɓa saki ba.

Tsigi kuwa ba ta buƙatar tsugunawa, idon man daidai idonta yake. Takan manna hanci ta ce, "Ya kai layi!" ko ya kai ko bai kai ba.

Yau na yi komai har zuwa kashe inji. Na buɗe baki in yi kira, na rufe. Na kama kan babur da hannu ɗaya na miƙar da shi, na sunkuya in leƙa, ya rinjayo kaina, da ƙyar na tare shi da gwiwa. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "In zo in riƙe maka?" Na ce masa a'a, na gama.

Na mayar da shi kan ƙafar gefe, na tsuguna na leƙa. Wayam. Na san ƙarya idon yake yi, shekara nawa da sanin haka. Amma na kasa jure ganinsa babu komai a ciki. Na ɗauki galan na juye sauran, na shiga ɗakin girki na ɗauko ragowar wancan karon na ƙara, har sai da na ga mai ya leƙo a gilashin. Sannan na zauna a ƙasa na yi abin da ban yi ba ranar da gidan ke cike da mutane.

Gwiwar ta kumbura.

Litinin, da azahar

Hayaƙi kamar an cinna wa bola wuta. Tun daga ƙofar gidan burodi salansa ke aman fari, masu mota suna ta mini hon, wani ya leƙo ya ce, "Malam, burodinka ya ƙone!" A gaban kasuwa ya mutu. Na tura shi har garejin Sifana. Bakanike ne, sunan ya bi shi don ko wajen cin abinci da sifana a aljihu yake zuwa.

Ya leƙa idon mai, ya dube ni, ya sake leƙawa.

"Mai Burodi, babur ka zuba wa mai ko suya za ka yi a ciki?"

"Hannuna ne ya zarce."

"Wannan ai ba zarcewa ba ce, gudu ya yi ya bar gari. Dubi fulogi, ya jiƙe sharkaf. Kai da kake koya wa mutane?"

Ya rage man, ya wanke fulogi, ya kira mai faci na kusa da shi ya riƙe babur don ya duba. Na juya baya ina karanta kalandar bango, kalandar da ta shekara biyu da ƙarewa. Ban so in ga hannun wani a wurin ba. Wauta ce, na sani.

Da ya gama ya ce, "Akwai wata ƙafar tsakiya a tarkacena, irin ta naka ce sak. Bari in ɗaura maka ka huta da neman mai riƙewa."

"Bar shi."

"Kyauta fa."

"Na ce bar shi, Sifana. Ina da mai riƙe mini."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da ba ya taɓa fita. Ya ce, "Allah ya dawo da ita lafiya." Na ce amin, na buga kik na tafi.

Laraba, da yamma

Akwai 'yar agwagwar leda da aka manna a kan tanki, a karkace. Rana ta ci kalarta. Yau wani mai wankin babur ya sa farce zai ɓanɓare ta, na daka masa tsawar da ni kaina sai da na tsorata. Na ba shi haƙuri daga baya. Bai san komai ba, bawan Allah.

Juma'a, da yamma

Na je gidansu. Yayanta kafinta ne, shagonsa a ƙofar gidan yake, ni ma Yaya nake ce masa. Ya ajiye zarto ya rungume ni, garin katako duk ya bi mini riga, ya shigar da ni falo.

An daɗe kafin ta fito. Ta rame, zoben hannunta har juyawa yake yi. Ta zauna a kujerar gefe, ta gaishe ni tana kallon takalmana. Na tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Surukata ta kawo ruwa ta fita. Agogon bango yana ta aikinsa.

Don kada shiru ya haɗiye mu na ba Yaya labarin hayaƙin, har da mai cewa burodina ya ƙone. Yaya ya yi dariya fiye da yadda labarin ya cancanta. Sai na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, tana magana da tabarmar ƙasa:

"A ƙafar gefe ka duba ke nan."

Na ce, "A ƙafar gefe."

"Kai ma ka san ba a yi."

"Na sani."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma ta tuna, kuma faɗa ta yi mini, irin nata. Na dawo gida ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka. Na share tsakar gida, na wanke labule, na jiƙa tukunyar da ta kwana uku tana harara ta.

Asabar, da safe

"Kai ma ka san ba a yi." Tun da na tashi nake maimaitawa.

Talata, da la'asar

Na sake zuwa, da burodi mai zafi irin wanda take so, mai ɓawon nan. Yaya ya tare ni a ƙofar shago, ya ja ni gefe, yana ta wasa da fensirin bayan kunnensa.

"Ƙanena, kada ka ji wani iri. Tun daga kan kwana ta ji ƙarar babur ɗinka ta shige ɗaki. Ta kulle."

Na ce ba komai. Na miƙa masa burodin.

Na fahimta ai. A kan babur ɗin nan muka tafi asibiti ranar, mu uku, ita a baya, yarinyar a tsakaninmu cikin bargo, zafin jikinta yana ratsa mini riga. Ina jin zafin nan a bayana har yau, in na tsaya a danja. Yadda muka dawo kuma ba zan rubuta ba.

Na ce wa Yaya ya faɗa mata zan sayar da babur. In nemi aikin cikin gidan burodi, ko kwaɓa fulawa ne, ba za ta ƙara jin ƙararsa ba. In gidan ne ma, mu tashi. Ya ce zai faɗa.

Na tura babur da hannu har na wuce kwana kafin in tayar.

Laraba, da rana

Shiru.

Alhamis, da rana

Shiru. Na duba waya har Manaja ya ce ko in ba shi ya riƙe mini.

Juma'a, da hantsi

Yaya ya kira. Ya ce ya faɗa mata, ta ce kada in sayar, da shi nake ci. Ta ce ba babur ba ne, ba kuma gidan ba ne.

Na ce, "To mene ne, Yaya?"

Ya ce, "Wallahi na tambaya. Kuka kawai ta yi."

Yau haushi nake ji, bari in faɗa. Ni ma fa 'yata ce. Kowa "ya mai jiki, ya mai jiki", ni kuma an ga ina hawa babur an ɗauka ƙarfe ne. Ita tana da uwa da yaya da ƙannai, ana lallashinta ta ci abinci. Ni wa ya tambaye ni ko na ci? A ɗakin nan nake kwana, da ƙaramar katifar a jingine a bango, ban iya fitar da ita ba, ban iya shimfiɗa ta ba. Da ta zauna mun yi kukan tare, ko faɗa ne mu yi.

Juma'a, da yamma

Abin da na rubuta da safe, Allah ya yafe mini. Ban san abin da take gani ba in ta rufe ido.

Litinin, da safe

Alawar ta narke a aljihu, ta manne da rigar. Na rataye ta haka.

Alhamis, da la'asar

Surukata ta kira da kanta. Ta ce ranar Lahadi za su zo, ita Maman Tsigi da Yaya, in zauna a gida. Muryarta wata iri, amma tsofaffi ai haka suke a waya.

Za ta zo! Na biya ta shagon mai na sayi galan. Lokacin juye bai gama yi ba, zai iya ƙara mako, amma man da Sifana ya rage ya sha hayaƙi, kuma wa zai ƙirga mini? Ranar Lahadi ce, ranarmu. Ba zan ce mata komai ba. Zan yi aikina, in kashe inji, in kira ta kamar kullum, shi ke nan a wuce wurin.

Na yi aski. Na sayi sabulun wanka irin nata.

Asabar, da yamma

Na sake share gidan da na share jiya.

Lahadi, bayan sun tafi

Da motar ɗaukar kaya suka zo. Bayanta babu komai sai igiya.

Ina ganin igiyar na gane. Yaya ya kasa haɗa ido da ni, ya yi ta gyara madubin mota. Ita ta shigo ta gaishe ni, idonta a kan maɓallin rigata, ta wuce ɗaki. Na ji ana jan akwati.

Ban san inda zan sa hannuwana ba. Kwalin yana shimfiɗe, na riga na kwance notin ƙasa tun kafin su iso, tsohon mai yana ɗiga a roba. Sai na ci gaba. Suna fitar da keken ɗinki ina mayar da noti, suna fitar da tukwane ina zuba sabon mai. Na tayar da inji, ina tsoron kada ƙarar ta kore ta. Ba ta gudu ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin girki da murfin tukunya a hannu har na kashe.

Ban kira ta ba, ba ni da sunan da zan kira. Na dai tsaya riƙe da tsumma na ce, "Ko za ki…"

Ta ajiye murfin. Ta goge hannu a zaninta, ta zo ta kama kan babur, ta tura shi da ƙugu ya miƙe cak, kamar jiya ta yi na ƙarshe. Na zagaya dama na tsuguna. Daga nan ba na ganin komai nata sai ƙafafu, ta ƙarƙashin inji.

"Mai Burodi."

Rabon da in ji wannan sunan a bakinta tun tana da ciki. Na ce na'am, na yunƙura zan miƙe.

"Kada ka ɗago. A haka ne kawai zan iya faɗa."

Na koma na tsuguna. Man ya fara saukowa a gilashin, a hankali.

"Ba ka yi mini komai ba. Ina so ka riƙe wannan, ko wa ya tambaye ka. Ba ka taɓa yi mini komai ba sai alheri." Ta ja numfashi. "Fuskarka ce. Goshin, idanun, yadda kake karkata kai in ana maka magana. Duk ita ce. Kowa yana cewa ta ɗebo ka, ina jin daɗi a lokacin. Ranar da ka zo gidanmu na saci kallonka sau ɗaya, kwana biyu ban iya haɗiye ruwa ba. Na gwada, wallahi na gwada."

Na ce, "Zan tara gemu."

Na ƙara da cewa:

"In sa baƙin tabarau. In riƙa shigowa gida da baya da baya."

Ta yi wata dariya da ta karye a tsakiya. Babur ya girgiza, man ya yi ta rawa a gilashin.

"Ka ga irinta ko? Ita ma haka take yi, in na yi fushi sai ta ba ni dariya." Sannan ta ce, "Ka sawwaƙe mini. Ba yau ba. Ranar da ka samu ƙarfi."

Na zuba wa idon mai ido. Ya kwanta, yana tsakanin layi biyu, daidai wa daida. Ban taɓa zuba mai ya yi kyau irin na yau ba.

Ta ce, "Ya kai?"

Na ce, "Bai kwanta ba tukuna."

Ta san tsawon lokacin da mai ke ɗauka, ta fi ni sani ma, ita ke riƙewa. Ta gyara tsayuwa ta ci gaba da riƙo. Ina kallon yatsun ƙafarta suna danna takalmi. Ina jira ta ce hannunta ya gaji, in ce saura kaɗan, ta ce za ta sakar mini a ka. Ba ta ce ba. Ta riƙe har na ga kan babur ya fara karkarwa, ni kuma ƙafafuna sun mutu. Da za ta riƙe har gobe da ban tashi ba.

Sai ta ɗaga murya kaɗan. "Yaya, zo da abin awonka."

Na ji takunsa, na ji tef ya zaro. Ya durƙusa ta ɓangarenta, ya auna tazarar da ke tsakanin ƙafar gefe da ƙasa, yayin da babur ke tsaye. Muka haɗa ido ta ƙarƙashin inji, ya yi saurin kawar da kai. Ya rubuta a bayan hannunsa da fensir.

"Ya kai," na ce.

Ta kwantar da shi a hankali kan ƙafar gefe. Na zauna a inda nake, ban ɗago ba har motar ta tashi, tun da haka ta roƙa.

Kayan Tsigi ta raba su biyu daidai, ta bar mini nawa a kan gado, a ninke. Ko safa ɗaya ba ta zalunce ni ba.

Litinin, da safe

Na kai burodi. Babur bai taɓa tafiya lafiya irin yau ba.

Laraba, da rana

Sifana ya tsayar da ni a hanya, ya saurari inji ya ce, "Yauwa, yanzu ka yi aikin hankali. Mai riƙewa ta dawo ke nan?" Na ce ta zo. Ya ce alhamdu lillahi, har da tafa mini kafaɗa. Ban gyara masa ba.

Alhamis, da la'asar

Yaya ya zo, bai yarda ya shigo ba. Ya miƙo mini wani abu a leda daga bakin ƙofa. Guntun katako ne mai nauyi, an goge shi sumul, an shafa masa fenti mai sheƙi, a samansa an fafe gurbi daidai tafin ƙafar gefe.

"Ka ɗora ƙafar a nan, zai tsaya maka a miƙe," ya ce. "Na rage masa kaurin farce daga awon. Ita ta ce a rage, wai kada ya rinjaya ya faɗo maka in kana tsugune."

Na juya shi a hannu. Aikin Yaya ba ya da makusa, ko tsaga ɗaya babu.

"Ta ce kuma a shafa fenti saboda ruwa, don ya daɗe."

Na ce, "Na gode, Yaya."

Ya ce, "Ni yayanka ne har gobe, ka ji ko?" Ya juya da sauri, yana share fuska da hular da ke hannunsa.

Na ajiye shi a bayan ƙofa.

Juma'a, da yamma

Na yi abin da ta roƙa. Ba zan rubuta shi sau biyu ba.

Asabar, da safe

Katakon yana bayan ƙofa. Na rufe shi da tsumma, na dawo na buɗe.

Lahadi, da hantsi

Bayan an juye mai ana sake dubawa in an yi 'yan kwanaki, ko noti yana yoyo. Haka nake yi kullum, ban ga dalilin fasawa ba.

Na fito da babur tsakar gida, na tayar da shi ya yi zafi, na kashe. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga, na ce masa ya bari, na samu dabara. Na ɗauko katakon, na ɗaga babur, na tura shi da ƙafa ƙarƙashin ƙafar gefe. Ta faɗa gurbin kamar a nan aka haife ta. Na saki hannu a hankali. Ya tsaya cak, shi kaɗai.

Na zagaya dama na tsuguna. Man ya sauko, ya kwanta tsakanin layi biyu. Daidai yake, bai ragu ba, noti ba ya yoyo. Ta ƙarƙashin inji ina hango katakon yana sheƙi a rana, a inda ƙafafunta suke tsayawa.

Na gama ganin abin da zan gani tun tuni. Na dai jima a tsugune, ina jira a ce mini hannu ya gaji.